Koyon aikin jagoran yawo da karnukan ƙanƙara: tambayoyi da amsoshi

Abin nan da ake gani a bidiyo, mutum ya tsaya a bayan amalanke karnuka na jansa da gudu a kan dusar ƙanƙara, ga baƙi a zaune an lulluɓe su da bargo, sana'a ce ta gaske da mutane ke ci da ita a Alaska da Kanada da Norwe da Suwidin da Finlan da Girinlan. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan yadda ake koyonta.

Wai mene ne aikin takamaimai?

Wani ne yake da gidan karnuka, hoski, wato karnukan jan amalanke, arba'in ko tamanin, manyan gidajen Lapland, yankin can arewacin Finlan da Suwidin, ma akwai masu sama da ɗari biyu, sai 'yan yawon buɗe ido su biya kuɗi a fita dasu daji a kan amalanken ƙanƙara. Kai jagora kaine a gaba da karnukanka takwas zuwa goma sha biyu. Wani wurin baƙin zama kawai suke kai kake tuƙa su, wani wurin kuma musamman Finlan da Suwidin da Norwe ana basu nasu amalanken mutum biyu biyu da karnuka huɗu zuwa shida, ɗaya ya tsaya yana tuƙi ɗaya ya zauna, in an kai tsakiyar hanya su canza. Akwai yawon minti ashirin, akwai na rabin yini, akwai na kwana biyar ana kwana a bukkokin katako cikin daji.

Amma fa hawa amalanken shine mafi ƙanƙantar kaso a aikin, gara mutum ya san wannan tun yanzu. Yawancin yininka a kan abincin kare da kashin kare da ƙafar kare zai tafi.

To ya ranar aiki take kasancewa?

Ana tashi wajen ƙarfe shida ko kafin nan, cikin duhu, kuma a irin su Tromso, birnin da ke arewacin Norwe, duhun ba na asuba bane kawai, daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu ranar ce bata fitowa sam. Tocilan goshi zaka ɗaura ka fita. Abu na farko romo, wato ruwan ɗumi da aka jiƙa nama ko kifi a ciki, saboda ruwa zalla daskarewa yake a kwano nan da nan kuma karnuka da yawa basa kula shi sai an yaudare su da ƙamshin nama. Ana basu da wuri ne don ya sauka kafin gudu. Naman a daskare yake zuwa, da gatari ake sarawa, hannunka na cikin safa biyu kana sara kana jin ƙashin kafaɗarka na amsawa.

Daga nan sai shebur da bokiti, ka bi gidan kowane kare ka kwashe kashi, wanda ya manne da ƙanƙara sai ka sassare shi. Kuma ba kwashewa kawai ba, dubawa kake, wanda yayi zawo ko aka ga jini a nasa yau ba zai gudu ba. Ka duba bambaron da suke kwanciya a kai ko ya jiƙe. Sai a fito da amalanke a shimfiɗa igiyoyi, a sa wa karnuka ɗamarar ja, a kai su layi ɗaya bayan ɗaya. Wannan lokacin ne gidan ke rikicewa, kare ɗari na haushi da kuka lokaci guda kowa na son a ɗauke shi, wanda ke tsaye kusa da kai ma sai ya ɗaga murya zaka ji me yake cewa. Da an cire ƙugiyar da ke riƙe amalanke an tashi kuwa tsit kake ji, sai sautin numfashinsu.

In an dawo a cire ɗamara, a duba ƙafafu, a bada abinci, a sake kwashe kashi, a gyara abin da ya karye. A lokacin Kirsimeti da baƙi ke cika garin Rovaniemi na Finlan awa goma sha biyu a tsaye ba abin mamaki bane.

Akwai makarantar da ake zuwa ne, ko wata takardar shaida?

Babu wata takarda guda ɗaya da duniya ta yarda da ita cewa wannan shine lasin tuƙa karnuka. Akwai dai makarantu. A Norwe akwai irin makarantun kwana na shekara ɗaya da matasa ke shiga bayan sakandare, wasunsu kamar na Alta da na Pasvik suna da sashen tuƙin karnuka. Jami'ar Tromso na da kwas ɗin shekara ɗaya na jagoran dajin Aktik, wato yankin ƙanƙara na ƙuryar arewa, da ake yi a Svalbard, tsibiran Norwe da ke can. Finlan ma na da kwasa-kwasan jagoran daji a makarantun koyon sana'a. Duk suna da amfani, ba'a raina ba, amma mai gidan karnuka in ka kawo masa satifiket tambayar da zai maka ita ce a gidan wa ka yi aiki, hunturu nawa.

Takardun da suke taimakawa da gaske sune lasin mota, in da na jan tirela ma yafi, da shaidar taimakon gaggawa. A Alaska da Kanada suna son kwas ɗin taimakon gaggawa na daji mai ɗaukar kusan awa 80, saboda inda zaka kai mutane motar asibiti bata zuwa.

In ba makaranta, ta ina ake farawa kenan?

Ta zama yaron gida. Tsarin bai da bambanci da yadda ake kai yaro garejin bakanike, shekarar farko wankin fatis da miƙo sifana ne, ubangida na kallonka ta gefen ido, sai ya ga hankalinka kafin ya bari ka taɓa inji. Anan ma haka, zaka zauna a gidan wani mai karnuka kaka da hunturu guda, kana ciyarwa kana kwashewa kana riƙe karnukan gaba kafin a tashi, kana yanke ƙumba, kana tafiya da 'yan kwikwiyo. Bayan wasu makonni a baka karnuka uku ko huɗu tsofaffi waɗanda suka fika sanin hanya ka bi bayan ubangida. In an ga baka da garaje a ƙara maka. Sai ka zama mai bin bayan ayarin baƙi, ko kan mashin ɗin ƙanƙara kana tsinto waɗanda suka faɗi, daga ƙarshe a baka gaba.

Shawarata in da zaɓi a fara da ƙaramin gida ko gidan mai tsere, can ne zaka koyi kare. Manyan gidajen da ke ɗaukar baƙi ɗaruruwa a rana zaka iya ƙare hunturu kana zagaya hanya ɗaya ta kilomita biyu baka san komai ba bayan sa ɗamara da cirewa.

Zai ɗau tsawon wane lokaci?

Yawon awa ɗaya a kan hanyar da aka gyara, mai ƙwazo na iya jagoranta a cikin hunturunsa na farko. Yawon kwanaki kuwa sai hunturu biyu uku, kuma gidan kirki ba zai baka da wuri ba.

Me ake koya game da karnukan kansu?

Sunayensu tukuna. Kare sittin ko tamanin, a cikin sati biyu ana son ka san kowa, a duhu ma, kuma ba suna kawai ba, wa ke faɗa da wa, wa ke tauna igiya in an tsaya, wacce ke neman barbara don kar a haɗa ta layi ɗaya da maza, wa yafi son gefen dama, wa ke jin tsoron baƙi masu hula.

Sai matsayi a layi. Akwai uwar igiya da ta taso daga amalanke, karnuka biyu biyu a gefenta, kowanne da igiyar ja a bayansa da 'yar ƙarama a wuya. Na gaba sune jagorori, ba lallai su fi ƙarfi ba amma sune masu jin magana da nemo hanya in dusa ta rufe ta, sau da yawa ma ƙananan mata ne. Na bayansu su ke taimakawa a juya layin a kwana. Na tsakiya inji ne. Na dab da amalanke su ake zaɓa masu ƙarfi da sanyin rai don su ke shan nauyi da jijjiga. A Girinlan kuwa salon daban ne, kowane kare da doguwar igiyarsa suna bazuwa a gaba, hakan yafi dacewa da ƙanƙarar teku inda ba bishiyoyi.

Yawancin karnukan aiki hoskin Alaska ne, wanda ba tsantsar jinsi bane, haɗe-haɗe ne da aka yi don gudu da juriya, siriri ne kilo ashirin zuwa ashirin da biyar, baƙi kan yi mamaki suce ai sun zata manya ne masu gashi buzu-buzu. Waɗancan na hoto sune hoskin Siberiya da malamut, sunfi kyau a kyamara, malamut yafi ƙarfi amma baya sauri.

Ya ake tuƙa shi tunda ba linzami ba sitiyari?

Da baki da nauyin jiki. Kana tsaye a kan doguwar ƙafar amalanken ta baya, kana riƙe da sandar hannu. A ƙasashen Turanci "jii" dama ne, "hoo" hagu, "woo" a tsaya, a arewacin Turai wasu na amfani da kalmomin yarensu, kuma ba ihu ake ba, kare mai kyau da murya ƙasa-ƙasa yake ji. Bulala ba'a amfani da ita a yawon baƙi na waɗannan ƙasashen. Burki iri uku ne, tabarmar roba da ake takawa don rage gudu, burkin ƙarfe mai haƙora, sai ƙugiya da ake cakawa a dusa in an tsaya. A gangara dole ka taka burki don igiya ta zauna a miƙe, in ta saki amalanke zai hau kan karnukan baya ko igiya ta naɗe ƙafar wani. A hawa kuma ka sauko ka tura ko ka dinga dungurin ƙasa da ƙafa ɗaya.

Doka ta farko da kowa zai faɗa maka, kar ka saki amalanke. Ko ka faɗi, ko ana janka rub da ciki dusa na shiga bakinka, ka riƙe. Karnukan basa tsayawa don ka faɗi, gaba zasu yi, kuma tawagar da ba mai burki na iya harɗewa wani kare ya shaƙe ko a ja shi a ƙasa.

Abinci da lafiyarsu fa, sai na zama likitan dabbobi?

A'a, amma sai idonka ya buɗe. Karen da ke doguwar tsere na iya ƙona kalori 10,000 ko fiye a rana, na yawon baƙi bai kai haka ba amma duk da haka cin nasu ba wasa bane, kitse da nama da kifi da busasshen abinci na buhu. Ana koyon shafa haƙarƙari da hannu a gane wa ke ramewa wa ke ƙiba, don gashi na ɓoyewa. Ana koyon buɗe tsakanin yatsu a duba tsagewa, a shafa man shafawa, a sa musu 'yan safar ƙafa in dusar tayi kaushi. Kumburin wuyan ƙafa da ciwon kafaɗa sune aka fi gani, kuma tun daga kan amalanke ake ganewa, ka ga wani ya canza taku ko igiyarsa ta ɗan saki. Ƙishirwa kuma a ja fatar wuya a ga ko ta koma da sauri, a duba dasashi.

Abin da ke ba mutanenmu mamaki shine zafi yafi sanyi zama matsala gare su. Digiri 15 ko 20 ƙasa da sifili su lokacin jin daɗinsu kenan. In ya matso sifili sai a rage gudu a dinga tsayawa suna birgima a dusa.

Mu'amala da baƙi fa?

Nan ne da yawa daga masu son kare ke faɗuwa. Mutum ya shigo aikin don baya son hayaniyar mutane, sai ya tarar rabin aikin mutane ne. A minti goma zaka koya wa wanda bai taɓa ganin dusa ba yadda zai taka burki, da Turancin da wataƙila rabinsa yake ji, hankalinsa kuma na kan wayarsa. Akwai mai sakin hannu don ɗaukar hoto, akwai wanda zaice baya jin sanyi alhali kumatunsa sun fara fari, akwai yaron da zai fashe da kuka a kilomita na biyar. Kana gaba amma kanka kullum a waige yake. Tambaya ɗaya kuma, wai basa jin sanyi, zaka amsa ta sau ashirin a rana da fara'a kamar yau aka fara yi maka.

Akwai haɗari sosai?

Akwai. Ruwan da ke taruwa a kan ƙanƙarar tafki ƙarƙashin dusa, baka gani sai ka tsinci ƙafarka a ciki, a sanyin digiri 30 ƙasa da sifili kuwa jiƙewar ƙafa maganar minti ce. Faɗan karnuka, in ka sa hannu ba dabara kai zaka sha cizo. Karo da bishiya a kwana. A Alaska da Kanada akwai mus, ƙatuwar dabba dangin barewa da ta fi doki tsayi, in dusa tayi zurfi bata son sauka daga hanya sai ta afka wa karnuka da kofato, a Iditarod, babban tseren karnuka na Alaska, a 1985 ta kashe wa 'yar tsere Susan Butcher karnuka biyu dole ta janye. A Lapland kuma barewar gida ta mutanen Sami, 'yan asalin yankin, ce abin kiyayewa, dukiyar mutane ce, karenka ya kuɓuce ya bi garke ka jawo wa ubangidanka rigima. A Svalbard farin beya ne, ƙatuwar dabba mai cin nama, duk mai fita wajen gari doka ta ce ya riƙe abin korarsa, jagora da bindiga yake fita, sai ka koyi harbi.

Ɗan Afirka da bai san sanyin da ya wuce na hunturunmu ba zai iya kuwa?

An yi a baya. Matthew Henson baƙar fatan Amurka ne, ya koyi tuƙin karnuka da yare a wajen mutanen Inuit na Girinlan, da shi mai binciken ƙasa Robert Peary yayi tafiyarsa ta 1909 zuwa ƙuryar arewa. Tété-Michel Kpomassie ɗan Togo ya isa Girinlan a 1965 ya zauna da mutanen can. Newton Marshall ɗan Jamaika, ƙasar da ba dusa ko ta magani, ya kammala tseren Yukon Quest na tsakanin Kanada da Alaska a 2009 da Iditarod a 2010, kowanne kusan mil dubu.

Sai dai kar a yi jarumta. Binciken da aka yi a kan sojoji ya nuna baƙar fata sunfi saurin samun raunin sanyi a yatsu, kuma alamar farko da Turawa ke dubawa wato fata tayi fari bata fitowa sosai a jikinmu, sai ka lura da kanka, in yatsa ya daina jin komai ka tsaya ka ɗumama shi a hammata, kar ka murza kar ka kara a wuta. Kaya kuma hawa-hawa ake sawa, ulu a jikin fata, auduga sam banda ita don tana riƙe gumi ta daskarar da kai. Takalmi ya fi ƙafarka girma. Kafin ka fara aikin ƙarfi ka rage kaya don kar kayi gumi. A watannin duhu a sha bitamin D. Gaskiya ma ga wasu duhun da kaɗaicin sunfi sanyin wahala, gidajen karnuka a bayan gari suke, kana iya sati baka ga kowa ba sai abokan aiki uku.

Maganar addini fa, kare ba najasa bane?

A mazhabar Malikiyya da yawancinmu muka taso a kai, kare mai rai ba najasa bane har yawunsa, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki a ciki bin umarni ne. Shafi'iyya da Hanbaliyya najasa suke ɗaukarsa, a wanke sau bakwai ɗaya da ƙasa. Hadisi ya yi rangwamen ajiye kare don farauta da kiwo da gadin gona, jan kaya baya cikin ukun da suna, don haka wannan ka zauna da malaminka ku tattauna kafin ka kashe kuɗin jirgi. Kashi da fitsarin da zaka yini a ciki kuwa maganinsu ka ware kayan aiki daban kayan sallah daban.

Abubuwan da ba'a tunawa sai an je, abincin karnuka a wasu gidajen akwai naman alade a ciki, kuma a Finlan jagora kan gasa wa baƙi tsiran sosej a bukka, shima sau da yawa na alade ne, ka tambaya tun a hira kafin a ɗauke ka. Lokutan sallah in rana bata fitowa ko bata faɗuwa, Musulmin can wasu na bin lokacin Makka wasu na bin gari mafi kusa da ke da dare da rana, akwai masallaci a Tromso zaka iya bin jadawalinsu. Azumi a shekarun nan yana faɗowa a Fabrairu da Maris, tsakiyar aiki kenan, yinin ba tsawo amma aikin na ƙarfi ne.

Biza fa, ya ake yi?

Ga mai fasfon Najeriya ko Nijar wannan yafi koyon tuƙin wahala. Yawancin matasan da zaka gani a gidajen nan Turawa ne da basa buƙatar izini, ko 'yan ƙasashen da Kanada ke ba bizar hutu da aiki, mu bama cikin wannan tsarin. Abin da ya rage izinin aikin lokaci ne, Finlan na bayarwa har wata tara a fannin noma da yawon buɗe ido, Norwe har wata shida, kuma duka sai ka fara samun wanda ya ɗauke ka aiki a rubuce. Kar wani ya ruɗe ka da cewa ka shigo da bizar yawo kayi aikin sa kai, hukumomin can aikin da ake biya da ɗaki da abinci aiki suke ɗaukarsa, in an kama ka kai za'a kora.

Svalbard ana yawan yaɗa cewa ba biza, haka ne, amma jirgin da zai kaika Longyearbyen, babban garin can, daga Oslo ko Tromso yake tashi, kaga sai da bizar Turai ta Shengen mai shiga biyu, kuma in baka da aiki da wurin kwana hukuma na da ikon fitar da kai. Duk ejan ɗin da yace ka turo kuɗi ya samo maka aikin hoski, ka riƙe kuɗinka, gidajen nan kai tsaye suke ɗaukar mutane.

Akwai kuɗi a ciki?

Ba sosai ba. Yaron gida ɗaki ne da abinci da ɗan kuɗin kashewa. Jagora na samun albashi, a Alaska kyautar da baƙi ke bayarwa na ƙara auki sosai, a arewacin Turai ba'a saba da ita ba. Aikin kuma na wata huɗu ne zuwa biyar, Disamba zuwa Afrilu, ga tsadar rayuwa. Wanda ke neman abin turowa gida duk wata, aikin gona ko na kifi a ƙasashen nan ya fi masa.

In dusa ta narke sai a zauna?

Karnuka dai basa daina ci. Da bazara gyaran gidaje ne da renon kwikwiyo, daga Agusta ko Satumba a fara horo, a ɗaura su a gaban mashin mai ƙafa huɗu da sassafe kafin gari yayi ɗumi, a fara da 'yan kilomita kaɗan ana ƙarawa, cikin taɓo da ruwa. Wannan ne ma lokacin da yafi dacewa sabon yaro ya iso.

A Alaska kuwa akwai aikin bazara, daga Mayu zuwa Agusta ana ɗaukar karnuka da helikwafta a kai su saman ƙanƙarar duwatsu da bata narkewa, kusa da Juneau da Skagway da Seward, baƙin manyan jiragen ruwa na zuwa ta sama suna sauka. Ma'aikata a tanti suke kwana a can kusan sati kafin su sauko suyi wanka. Duk kashin karnuka a durom ake zubawa a sauko dashi. Rana na dukan dusa ta dawo maka ta ƙasa har ƙarƙashin haɓa da cikin hanci sai sun ƙone, tabarau dole ne. In hazo ya rufe helikwafta bata tashi, ku da karnuka ne kawai har ya washe.

Ba zaluntar karnukan ake ba?

Son gudun dai nasu ne, duk wanda ya ga yadda suke tsalle a layi ya sani, kuma igiya ba'a tura ta, karen da baya so ba zai ja ba. Amma gidajen banza akwai su. A 2010 a Whistler ta Kanada an kashe karnuka da dama bayan kasuwa ta faɗi, abin da yasa lardin British Columbia ya kafa dokar kula da karnukan ja a 2012. Har yanzu ana jayayya a kan ɗaure kare da sarƙa ko sa shi a keji, kowane ɓangare da hujjarsa. Kafin ka karɓi aiki ka tambaya, tsofaffin karnuka ina suke zuwa, kwikwiyo nawa ake haifa a shekara, kwana nawa kare ke hutawa a sati, ana rubuta kilomitan kowanne, sannan a haɗa ka da wanda yayi aiki a gidan bara. Wanda ya fara kame-kame a tambayar tsofaffin nan ka nemi wani.

Dole sai na shiga tsere?

Ba dole, amma ka san labarin don baƙi zasu tambaya. A 1925 cutar maƙarau ta ɓarke a garin Nome na Alaska, masu karnuka ashirin suka yi ta miƙa wa juna magani daga garin Nenana, mil 674 cikin kwana biyar da rabi. Wani kare mai suna Balto ne ya shiga gari ya samu mutum-mutumi a New York, amma Togo, karen Leonhard Seppala, ne yayi zango mafi tsawo da haɗari. Iditarod ta fara a 1973, tseren Finnmarkslopet na Alta a Norwe kuma a 1981.

Mace zata iya?

Sosai ma, a gidaje da yawa matan sunfi yawa. Tsere ma ba'a raba maza da mata, Libby Riddles ta ci Iditarod a 1985, Susan Butcher ta ci sau huɗu.

Me zan fara yi tun ina gida?

Lasin mota mai giya. Kwas ɗin taimakon gaggawa, Red Cross na yi. Ka nemi asibitin dabbobi ko mai kiwon karnukan gadi ka dinga taimaka masa ko kyauta ne, ka saba da riƙe kare mai ƙarfi da bashi magani, ka samu wanda zai rubuta maka shaida, kayi allurar haukan kare da ta tetanus. Ka motsa jiki, gudu da ɗaukar jarka biyu cike da ruwa kana tafiya, don bokitin romo haka yake. Turanci dole ne, Faransanci ko Jamusanci kuma ƙari ne babba, anan 'yan uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi sun sha gabanmu don Faransawa na cika Lapland da hunturu, ga kuma Kebek, lardin Kanada mai magana da Faransanci.

Neman aikin hunturu daga Afrilu zuwa Yuli ake yi, na bazarar Alaska kuma tun Disamba ko Janairu. Wasiƙar ta zama gajera, kar ka cika ta da kana son karnuka tun kana yaro, kowa haka yake rubutawa. Ka faɗi aikin ƙarfin da ka taɓa yi, dabbobin da ka taɓa kiwatawa ko awaki ne ko shanu, ranar da zaka iya isowa da ranar tafiya, da irin izinin da kake buƙata su cike maka, ka haɗa da lambar mutum biyu da zasu tsaya maka.